Lasisin Zariya a Sararin Lome: Abin da Na Koya Wajen Musanya Takardar Tuƙin Jirgi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa tsuntsu iska, Ya kuma sanar da ɗan Adam dabarar da zai ƙera ƙarfe ya bi bayan tsuntsun. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Dalilin wannan rubutu shi ne, tun da labari ya bazu a Nyékonakpoè cewa wai ina tuƙa jirgin sama, da wuya a idar da sallar Juma'a wani magidanci bai ja ni gefe ba, yana tambayar inda zai kai ɗansa, da abin da ake kashewa, da shekarun da ake yi kafin yaro ya fara jigilar alhazai. Nakan ba da amsa a tsaitsaye, in tafi gida ina jin ban sauke nauyi ba. Shi ya sa na ga ya kyautu in zauna in rubuta abin da ya same ni, daɗinsa da ɗacinsa. Tun da farko ma in faɗi gaskiya, ni ba matuƙin kamfani ba ne. Ɗan kasuwa ne, kayan gyaran mota nake sayarwa, kuma lasisin da ke hannuna shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lasisin matuƙa, wanda mutum yake tuƙa ƙaramin jirgi da shi don kansa, ba a biyansa ko dala.

Sha'awar abin ta shige ni tun ina yaro. Duk shekara idan lokacin aikin Hajji ya zo, mahaifina yakan tafi da mu filin jirgin Tokoin rakiyar maniyyata. Manya suna can suna neman gafarar juna, mata suna sharar hawaye, ni kuwa ina manne da shinge ina kallon jiragen Air Afrique, kamfanin nan na haɗin gwiwar ƙasashenmu da aka kafa a 1961, ya kuma durƙushe a 2002. A lokacin ban taɓa ganin ɗan Zango ya zauna a kujerar gaba ta jirgi ba, ban kuma taɓa jin an ce haramun ne ya zauna ba. Haka na girma da wannan buri a ɓoye, kasuwa ta ɗauke ni, aure ya zo, 'ya'ya suka zo, har na ba shekara arba'in baya ban faɗa wa kowa ba.

Harkar kasuwa ce ta riƙa kai ni Kano da Kaduna, a hanya kuma nakan yada zango wajen dangin mahaifiyata a Zariya. A can ne kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take, wadda aka kafa tun 1964, kuma kowace safiya za ka ji ƙananan jiragenta suna shawagi a kan gari. Wata rana dai na yi ta maza na shiga na yi tambaya. Da na koma gida na sanar da mahaifina, na zaci zai ce girma ya kama ni, in bar wasan yara. Sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "In ka san ba don alfahari za ka yi ba, je ka, Allah Ya yi maka albarka." Bayan kwana biyu ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mini kuɗin bijimai biyu a cikin tsumma, ya ce gudummawarsa ke nan. Shi dillalin shanu ne tun ƙuruciyarsa, bai kuma taɓa lissafin dukiya da wani ma'auni ba in ba sa ba.

Ga wanda bai sani ba, wannan ƙaramin lasisi yana da sharuɗɗan da duniya ta yi ittifaƙi a kansu. Mafi ƙarancin shekaru 17 ne. Mafi ƙarancin zama a sama yawanci awa 40 ne, wasu ƙasashe kuma suna ƙarawa a kan haka. A cikinsu dole a sami awa 10 da ɗalibi zai tashi shi kaɗai ba malami a gefensa, kuma dole ya yi wata doguwar tafiya shi kaɗai wadda ba ta gaza kilomita 270 ba, ya sauka a filaye biyu dabam-dabam. Ban da wannan akwai jarrabawar dokokin sama, da ilimin yanayi, da karatun taswira, da sanin inji, da maganar rediyo, sannan likita ya duba ido da kunne da zuciya. Na yi duk wannan cikin yardar Allah, a kan wani ƙaramin jirgi ƙirar Faransa da ake kira Tampico, ina koyonsa da Ingilishi. Ranar da hukumar jiragen sama ta Nijeriya ta ba ni takardata, ji na yi kamar an naɗa mini rawani.

Da wannan rawani na dawo Lome. Akwai wani bawan Allah da muke hulɗar kasuwa, yana da hannu a wani ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu, ƙirar Cessna 172, ya kuma daɗe yana ce mini in na samo takarda in zo mu gwada. Na je na baje masa lasisina a kan tebur ina murmushi. Ya ɗauka ya duba gaba da baya, ya taya ni murna, sannan ya kama hannuna ya zagaya da ni gefen jirgin ya nuna mini rubutun da ke jikinsa. Lambar ta fara da 5V. Ya ce, "Alhaji, jiragen da ka koya da su 5N ne a jikinsu. Wannan ɗan Togo ne. Takardarka gaskiya ce, amma ba ta ba ka ikon jan wannan ba, sai hukumarmu ta sa mata hannu."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Na riƙa cewa a zuci, ashe iskar Togo dabam take da ta Nijeriya? Ashe fiffike yana tambayar fasfo kafin ya ɗaga? Sai daga baya na fahimci asalin lamarin. A ranar 7 ga Disamba 1944 ƙasashe suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Shikago na Amurka, wadda ta haifi hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, mai mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada. A ƙarƙashinta kowane jirgi yana da ƙasa kamar yadda mutum yake da ita: na Togo 5V, na Nijeriya 5N, na Nijar 5U, na Gana 9G, na Benin TY. Sashe na 32 na yarjejeniyar ya tanadi cewa ƙasar da jirgi ya yi rajista a cikinta ita ce za ta ba matuƙinsa lasisi, ko ta amince da wanda ya zo da shi. Ma'ana, da jirgi mai lambar Nijeriya na samu, da zan iya shigowa da shi Lome da takardar Zariya, bayan cika ƙa'idar shigowa. Amma jirgin Togo amanar Togo ne, in ya faɗo a kan gidan wani ita za a tambaya wa ta ba shi.

Na kai ƙarata wajen mahaifina da daddare, ina tsammanin zai taya ni fushi. Yana kishingiɗe a kan buzunsa, ya saurare ni har na gama, sai ya yi dariya. Ya ce, "Kai da aka haifa a bakin iyaka kake wannan magana? Daga ƙofar gidan nan zuwa Aflao tafiyar ƙafa ce. In ka tsallaka da sefa a aljihu, mai kifi za ta karɓa ne ko sai ka biya ta wajen 'yan canji? Don ta ce ka kawo sidi, ta ce kuɗinka na jabu ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To. A tsohon Zango, kafin a tashe mu a 1977 a mai da jama'a Agoè, malamai nawa na gani sun zo daga Kano da Katsina da Sakkwato, kowa da ijazarsa a gafaka? Babu wanda aka ba limanci ran da ya sauka. Sai ya yi sallah a bayan limamin gari, a ji karatunsa, a tambayi wa ya karantar da shi, a aika a bincika. Wanda ya yi haƙuri shi ne yake zama na gari. Wanda ya ce shi ya fi ƙarfin a tambaye shi, da safe sai dai a ga wurin tabarmarsa."

Wannan magana ta tuna mini da labarin da malaman tarihi suke bayarwa game da Imamul Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira. Da ya shiga Bagadaza, sunansa ya riga shi isa, amma duk da haka malaman birnin suka shirya masa gwaji. Suka zaɓi mutum goma, kowanne da hadisi goma, suka cuɗanya isnadin wannan da matanin wancan, suka karanta masa. Kowanne aka karanta sai ya nuna bai san shi a haka ba. Da suka gama sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya mai da kowane isnadi inda ya dace. Bai yi fushi don an gwada shi ba, su ma ba raini ya sa suka gwada shi ba, kishin abin da yake ɗauke da shi ne. Na ce wa kaina, in mai wannan daraja ya zauna an jarraba shi, wane ne ni da 'yan awoyina da ba su kai ɗari ba?

Sai na shiga neman hanya. A nan Togo hukumar da ke da alhakin wannan ita ce ANAC, kuma kamar sauran ƙasashe, ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce amincewa, wadda takardun Faransanci suke kira validation: a ba ka wata takarda da za ka riƙa haɗawa da lasisinka na asali, ta ɗan lokaci ce, ba ta kuma wuce wa'adin na asalin, in ya mutu ta mutu tare da shi. Ta biyu ita ce musanya, wato conversion: a dogara da karatunka na can a ba ka lasisin ƙasar nan na kansa. Ta farko ta dace da baƙo mai wucewa, ta biyu ta dace da mazauni. Da yake nan ne gidana, nan kuma nake fatan a binne ni, sai na zaɓi ta biyu. Aka lissafa mini abin da zan kawo, aka kuma gaya mini tun farko cewa ba za a ɗauki mataki ba sai hukumar da ta ba ni lasisi ta tabbatar da bakinta cewa nata ne, bai mutu ba, ba a kuma taɓa dakatar da shi ba. Wannan wasiƙa tsakanin hukuma da hukuma take tafiya, ba ta bi ta aljihun mai nema, don kada mutum ya zama shi ne mai ƙara shi ne shaida. Isnadi ke nan na zamani.

Ina cikin jiran wasiƙar sai na je wajen likita, domin kowace hukuma tana da likitocin da ta yarda da sa hannunsu. Ƙa'idar duniya ita ce, takardar lafiyar mai irin lasisina tana kai wata 60 in bai kai shekara 40 ba, in ya haura kuwa sai ta koma wata 24. Na shiga ina ganin ɓata lokaci ne kawai, don ban san ina da ciwon komai ba. Likita ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya sake ɗaurawa, ya ce in huta in dawo gobe. Kashegari ma haka. Ashe hawan jini ya kama ni ban sani ba, ina ta yawo da shi tsakanin Lome da Kano, ina ɗora wa gajiya laifin ciwon kan da nake ji. Ya ce ba zai sa hannu ba sai na fara shan magani an ga jinin ya daidaita. Na fito ina huci, amma uwargidana da ta ji sai ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta ce wannan takardar da nake zagi ita ce ta tsamo mata miji. Tun daga ranar aka rage gishiri da dunƙulen miya a tukunyarmu, kuma watanni suka shige kafin likita ya gamsu.

A cikin waɗannan watanni na koma ɗalibi. Dokokin sama tushensu ɗaya ne, amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Duk abin da na haddace da Ingilishi sai na tarar da shi sanye da rigar Faransanci, har na riƙa zama da ɗiyata 'yar sakandare bayan sallar Isha'i tana ja mini baƙi. Na koyi cewa Togo da Benin da Nijar suna cikin ASECNA, hukumar haɗin gwiwa mai kula da zirga-zirgar sama da aka kafa a 1959, mai mazauni a Dakar, wadda kuma take da babbar makaranta a Yamai. Nijeriya da Gana kuwa kowace da tata hukumar. Na koyi wuraren da aka hana shawagi a kansu, da yadda ake shigar da takardar tafiya kafin a tashi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙanƙantar wurin. Gaɓar tekunmu daga Aflao zuwa iyakar Benin ba ta kai kilomita 60 ba, jirgin kuwa yana cin kusan kilomita 200 a awa. Kafin minti 20 ka ƙure ƙasar. A Zariya in ka yi kuskuren hanya gonar wani za ka gani a ƙasa; a Lome in ka yi, ka shiga sararin wata ƙasa ba da sallama ba.

To, a nan ne jarrabawar gaskiya ta zo, wadda ba a rubuta ta a kan takarda. Jikin mahaifina ya fara rauni, ƙafa ta kumbura, masallaci ma sai an riƙe shi. Wata rana ina matsa masa ƙafa sai ya ce, "Bijimaina biyu dai har yanzu ban ga ƙahonsu ba. Ina so in ga garin nan ta sama kafin in shiga ƙarƙashinsa." Ya faɗa da wasa, amma maganar ta tsaya mini a ƙirji. Ga shi kuwa tsakanin jiran wasiƙa da jinyar jini na fi shekara ban taɓa sitiyarin jirgi ba, alhali ana bukatar a ga awoyi na kusa a littafina kafin a yi mini gwajin ƙarshe. Ko mai cikakken lasisi ma, ƙa'ida ba ta yarda ya ɗauki fasinja ba sai ya yi tashi uku da sauka uku a cikin kwana 90 da suka wuce. Na kai kukana wajen wani abokina, sai ya ce, "Wai kai wane irin mutum ne? Littafin nan ba da hannunka kake cika shi ba? Rubuta awa biyar ko shida, ka ce ka yi su a can da ka je kasuwa. Wa zai bi diddigi? Tsoho fa ba zai jira ka ba."

Wallahi na ɗauko littafin a daren nan, na buɗe shafin da na tsaya, na cire murfin alƙalami. Shaiɗan bai zo mini da siffar ɓarna ba, da siffar biyayya ga mahaifi ya zo. Abin da ya riƙe hannuna wani tsohon tunani ne. Ina saurayi, a ranar 11 ga Yuli 1991, muka ji a rediyo cewa jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kai su Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 261 da ke ciki babu wanda ya fita. Na tuna yadda Zango ya yi tsit, da salatin da tsofaffi suka riƙa yi. Da na shiga karatun jirgi sai na san abin da bincike ya gano: an tashi da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba, don gudun jinkiri, an kuma taɓa alƙaluman da ke cikin takardar duba jirgin. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma sababin ya bi ta hannun wanda ya riƙe alƙalami ya ce a ransa, wa zai bi diddigi? Na dubi nawa alƙalamin, na ga irinsa ne. Kuma wanda zan ɗora a kan wannan ƙarya ba baƙo ba ne, mahaifina ne.

Da asuba bayan mun idar da sallah na faɗa masa komai, har da buɗe littafin. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Na yi shekara hamsin ina dillanci, ban taɓa shafa wa saniya mai ciwo mai don ta yi sheƙi a idon mai saye ba. Da ka rubuta, da ka mai da kuɗina haram. Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Sannan ya tambaye ni, "Shin dole ne sai kai ne limamin jirgin? In akwai wanda gari ya yarda da shi, ya shige gaba mana, kai ka bi shi, ni in zauna a sahun baya." Na yi shiru kunya ta rufe ni. Wannan hanya tana nan tun farko, halal ce, doka ta yarda da ita, amma ban gan ta ba saboda abin da nake so shi ne a ce ni na ɗauki mahaifina, ba wani a gefena. Ashe alfaharin da ya gargaɗe ni da shi tun ranar farko yana nan ya yi kwanton ɓauna.

Aka haɗa ni da wani dattijon malamin tuƙi, ba Musulmi ba ne, amma ban taɓa ganin mai tsoron amana kamarsa ba. Tashinmu na farko ya nuna mini cewa musanyar lasisi ba ta tsaya a tambur da hatimi ba. Jirgin da na saba da shi fiffikensa a ƙasa yake, wannan a sama, don haka abin da ido yake gani wajen juyawa da wajen sauka ya sha bamban. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, ga bushewa da hazon hunturu. Lome kuwa a bakin ruwa take, iskarta jiƙe take da laima. Muna rage wuta za mu sauka sai ya buge mini hannu ya ce, "Kyaftin, ina zafin kafireta?" A cikin laima irin tamu, mai da iska in suna ratsa maƙogwaron kafireta sanyinsu yakan sauka da fiye da digiri 20, har ƙanƙara ta taru ta shaƙe inji, alhali a waje mutane suna gumi. Malamaina na Zariya sun koya mini wannan sarai, ni ne shekara guda ta zama ta goge mini shi daga hannu. Ya kuma koya mini haƙurin jira minti 2 ko 3 bayan tashin manyan jiragen ASKY, waɗanda suka mai da Lome cibiyarsu tun 2010, domin guguwar da suke bari a baya tana iya kifar da ƙaramin jirgi. Da na rubuta awoyin ƙarya, wa zai buge mini hannu?

Bayan tashi na huɗu, malamin ya yarda mu ɗauki tsoho, likitansa ma ya yarda. Wata safiya ce mai haske bayan ruwan dare. Muka ɗaga shi muka zaunar a kujerar baya, muka ɗaura masa ɗamara, ya riƙe carbinsa. Malamin ne shugaban tafiya a takarda da kuma a aikace, ni ina kujerar ɗalibi. Da muka ɗaga na ji yana ta hailala a hankali. Muka bi gaɓa ta gabas, ya ga tashar jiragen ruwa da manyan jirage jere a kan teku suna jiran layi, ya ga Tafkin Togo kwance kamar faranti, har muka hango Aného muka juyo. A dawowa ya sa aka nuna masa dogayen benayen bankuna da ke tsaye a inda tsohon Zango yake, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Sai can ya nuna yamma ya ce, "Ina Aflao? Ina iyakar?" Na ce ga ta can, Baba, inda rufin kwano ya ci gaba. Ya ce, "Ikon Allah. Daga nan ba a ganinta. Amma ka sauka ka ce babu ita ka gani."

Allah Ya karɓi abinSa kafin damina ta biyu ta ɗauke. Wasiƙar da nake jira ta zo, na ci jarrabawar doka, na yi gwajin ƙarshe a gaban mai jarrabawa, aka ba ni lasisin Togo bayan an yi sadakar arba'in. Na kawo shi gida na ajiye a kan buzunsa, na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ban taɓa ɗaukarsa ni kaɗai ba, ba kuma zan taɓa ba. Amma a littafina akwai layi ɗaya mai minti 50, da sa hannun malamina a gefe, kuma duk abin da ke cikin layin nan gaskiya ne.

Saboda haka, ya ku iyaye masu tambaya, ga abin da zan iya ba ku. Da farko, kafin ku biya ko sefa ɗaya, ku kai yaro wajen likitan da hukuma ta yarda da shi, a yi masa awo irin na matuƙan kamfani, wanda ya fi nawa tsanani. Yaro nawa ne bai san idonsa ba ya rarrabe ja da kore ba sai ranar awo? Na biyu, ku san cewa ƙaramin lasisi ba ya ba da aiki. Na sana'a yana bukatar awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta, na shugabancin manyan jirage kuwa awa 1,500 da shekara 21. Na uku, ku fara zuwa hukumar ƙasar da yaro zai yi aiki ku tambaya a rubuce ko tana karɓar takardar makarantar da kuke nufi, da abin da za ta nema wajen musanya, ku sa kuɗin wannan da lokacinsa a cikin lissafi. Na huɗu, yaro ya riƙe Ingilishi da kyau ko da Faransanci ya yi karatu, domin tun 2008 ake neman mataki na 4 a harshen rediyo ga masu ƙetare iyaka. Na biyar, ya tsare littafin awoyinsa kamar yadda ake tsare takardar gida, kada ya rubuta abin da bai yi ba, kada ya bar abin da ya yi ba sa hannu.

Kada kuma wani ya ɗauka mu kaɗai ake yi wa haka don an raina mu. Da Ingila ta fita daga tsarin jiragen sama na Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, matuƙanta masu dubban awoyi sai da suka bi layin musanyar takarda. Haka abin yake ga 'yarku da ta karanto aikin jinya a Gana, da ɗanku da ya dawo da digiri daga Masar ko Sudan ko Madina. A bincika tun kafin tafiya, a yi haƙuri bayan dawowa, a guji mai cewa zai gajarta hanya da abin da ba gaskiya ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa mahaifina a cikin addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan dukkan magabatanmu da suka kafa Zango suka bar mana suna mai kyau. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani da sana'a ta halal, Ya tsare matafiyanmu na ƙasa da na ruwa da na sama, Ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman afuwa.